Fitilar da Na Zura a Rijiyar Zango

A shekarar da aka karya darajar sefa, kuɗin ƙasarmu, wadda mutane suka kwana da kuɗinsu cikakke suka wayi gari ya zama rabi, azumi ya same mu a bakin bazara. Bana ma haka ya zagayo ya faɗo, lokacin da mangwaro ya fara nuna, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa tun da hantsi. Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Na daɗe ina kauce wa tunanin waccan shekara, amma zafin bana da wata magana da 'yata ta kawo sun mayar da ni can.

'Yar tawa sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiranta Inna. Ta yi karatun noma a nan Paraku. Uwarta Hajara kuwa abinci take dafawa tana kaiwa kasuwar Arzeke, kuma hayaƙin itace ya ci mata ido har ba ta iya zura zare a allura. Ranar uku ga azumi, bayan la'asar, Inna ta zo ta durƙusa gefen buzuna.

"Baba, rami ɗaya ne kawai, a bayan turken shanu. A gina shi da siminti a rufe ruf, kullum a zuba kashin shanu da ruwa. In ya ruɓe sai ya ba da iska, iskar ta biyo tiyo har madafa. Mama ta huta da hayaƙi."

Na ce, "Iska mai kama wuta?"

"Ai amfaninta ke nan, Baba."

"Ba a gidana ba."

Hajara tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Malam da bai taɓa hura murhu ba, yau shi ne mai hukunci a kan wuta."

Inna ba ta yi fushi ba. Ta ciro wayarta ta nuna mini wani hoto mai motsi na ƙasashen da ake haƙar kwal, wato gawayin da ke cikin ƙasa. Ga manyan bututu suna fitowa daga rami suna shiga inji. Ta ce iskar da ke cikin ramukan nan ita ce dai wadda kashin shanu ke bayarwa, a makaranta suna ce mata metan. Yanzu tsotse ta ake yi kafin ma'aikata su shiga, a dafa abinci da ita ko a tayar da injin lantarki.

"A da ita ke kashe su, Baba. Ba ta da launi, ba a ganinta. Mutum ya shiga da fitila a hannu, sai ta tashi da shi."

Da ta ce fitila, sai na kawar da kai. Na ce ta ɗauke wayar, zan yi lazimi. Ban yi lazimin ba. Jugu na koma.

A waccan shekara ina da ɗan tebur na yadi da zare a kasuwar Jugu. Da kuɗi ya karye, yadin da ke zuwa daga Kwatano ya yi tsadar da masu saye suka ɗauke ƙafa. Daminar baya kuma ta ɗauke da wuri, sai rijiyoyin unguwarmu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Mata su yi layi tun sahur, guga ya sauka ya dawo da rabin kwano na ruwa mai kaurin koko. A zuba a tulu a jira ya kwanta. Azahar da la'asar taimama muke yi, don a bar abin buɗa-baki. Hajara tana da cikin Inna wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura, amma haka take tafiya da tulu. Sahur ɗinmu ɗumamen tuwon masara ne da miyar busasshiyar kuɓewa, babu nama, man ma sai a ɗiga. Kafin rana ta take tsaka harshe ya zama kamar tsumma a baki.

Dattawan unguwa suka yanke shawarar a haƙa sabuwar rijiya a tsohon zango, wani kwari a gefen gari inda ayarin goro ke sauka da jakuna da shanu tun zamanin kakanni. Ciyawar wurin ba ta bushewa sarai ko da rani. Aka aika Kolokonde aka kira Bukari, wanda a lokacin babu mai haƙa rijiya kamarsa a duk yankin. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya girme ni da shekara goma, ga ban dariya. Ya dubi mazan da suka taru ya nuna ni.

"Wannan zai riƙe mini igiya. Mai karatu yana tsoron Allah, ba zai yi gyangyaɗi ba ina ƙasa."

Tun daga ranar ya sa mini suna Malam Igiya, ni kuma ina ce masa Yaya. Ladana kwanon masara guda kullum, kuma da wannan kwanon muke rayuwa.

Ga yadda aikin yake. Mu yi asuba mu tafi kafin rana ta fito. Kafin kowa ya sauka, sai a kunna fitila, wani gwangwanin madara da lagwani, a ɗaura mata zare a zura har ƙasa. In ta mutu, iskar ramin ba ta da kyau, sai a zura damin ganye ana ja ana saki har iska ta sauya. In ta ci gaba da ci, sai Yaya Bukari ya yi bisimilla ya sauka ta matakan da ya sassaƙa a jikin bango. Haka ubansa ya koya masa, kuma fitilar nan ta sha ceton rayuka. Yana ƙasa da dagi da ƙaramar diga, ya cika kwando, ya girgiza igiya, in ja. Mazan unguwa suna karɓa-karɓa wajen kwashe ƙasar. Tun ranar farko ya gaya mini cewa in yana ƙasa kada in zura komai sai kwando. Na ɗauka don kada wani abu ya faɗo masa a ka ne.

Muka wuce jar ƙasa, muka sha wuya a marmara kwana shida, dagi yana tartsatsi. Daga nan muka faɗa wata baƙar ƙasa mai laushi, mai warin tsohon turke. Kwando yana fitowa da ƙasusuwan jakuna, da fasassun tukwane, har da wuri irin kuɗin da. Ashe kashin dabbobin ayari ne na shekaru masu yawa, ruwa ya binne shi a kwarin. Mu dai murna muke yi, don ƙasar tana da danshi.

Ranar sha bakwai ga azumi, da na zura fitila da safe, ba ta mutu ba. Harshenta ma tsawo ya ƙara, da ɗan shuɗi a samansa. Yaya Bukari ya leƙa ya yi dariya.

"Malam Igiya, yau fitilarka ta fi ka cin sahur."

Ya sauka. Zafin ranar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ko ganye ba ya motsi, ƙadangaru ma sun shige rami. Bayan azahar masu kwashe ƙasa suka tafi inuwar masallaci su miƙe, suka ce sai rana ta yi sanyi. Yaya Bukari ya ƙi fitowa ya huta, ya ce yana jin ƙamshin ruwa, kafin la'asar zai taɓa shi. Aka bar ni ni kaɗai a baki.

Na ji dagi ya nutse kamar an soka shi a kabewa. Sai wani sauti ya biyo baya, siririn huci kamar na tayar keke da ƙaya ta huda. Muryarsa ta taso daga ƙasa.

"Malam Igiya, ƙasar nan numfashi take yi."

Na ce, "Yaya, ka fito mana."

"Bari in cika wannan. Kaina ne yake ɗan…"

Bai ƙarasa ba. Na kira shi sau uku, shiru. Na kwanta rub da ciki na leƙa, gaba takwas ne zurfin, ba na ganin komai sai farar hularsa, kuma ba ta motsi. Igiyar a jikin kwando take, ba a ƙugunsa ba. Dole wani ya sauka ya ɗaura masa.

Na san abin da ya kamata in yi. Masallaci bai fi taku ɗari biyu ba, da na ruga da ihu da maza sun zo. Ko kuma in ɗaura igiya a gindin itace in sauka da kaina. Ban yi ko ɗaya ba. Na tuna Hajara da cikinta, na ce a raina bari in fara gani ko iskar za ta kashe ni ni ma. Na ƙyasta ashana na kunna fitila na fara zura ta. Don kaina na kunna ta, ba don shi ba. Wannan ita ce gaskiyar da na fi jin nauyin rubutawa.

Ina kallonta tana sauka tana juyawa a hankali. Ta wuce jar ƙasa, ta wuce marmara. Sai na ji kamar an buga babban tambari a ƙarƙashin ƙasa, wata shuɗiyar wuta ta taso ta cika bakin rijiyar ta wuce tsawon mutum. Ta wurgar da ni baya. Da na farfaɗo gashin girata da gemuna sun babbake, a hannuna kuma ga guntun zare mai baƙin kai. Na dunƙule shi na cusa a aljihu tun kafin in san na yi hakan.

Maza suka zo a guje. Wani mahauci, Allah Ya jiƙansa, ya jiƙa rawaninsa da ɗan ruwan da ya rage a buta, ya naɗe fuska ya sauka. Muka jawo Yaya Bukari, fatar bayansa tana saɓulewa kamar ɓawon dafaffiyar doya. Warin nan har yau in ana babbaka kan rago sai in bar wurin. Amma yana numfashi. Aka ciro ƙyauren wani gida aka ɗora shi aka nufi asibiti.

Mai unguwa ya juyo ya ce, "Alasan, me ya faru?"

Kafin in buɗe baki wani tsoho ya riga ni. Ya ce masu wurin ne, aljanun zango, an shiga gidansu ba a nemi izini ba. Ya ce ai wutar mutane ja ce, wannan kuwa kowa ya ga shuɗiya ce. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Ni da na sauke Alƙur'ani, na san abin da ke aljihuna, na sunkuyar da kai na yi shiru.

Cikin kwana uku aka cike rijiyar, har da ni a masu zuba ƙasa. Sauran azumin da ruwan saye muka ƙarasa shi, kwano-kwano. Ana saura kwana uku Salla aka yi yayyafin da muke kira ruwan mangwaro, ƙasa ta yi ƙamshi, yara suka fito suna buɗe baki sama. Ni ban ji daɗinsa ba. Sau ɗaya na je asibiti. Yana kwance rub da ciki, an lulluɓe bayansa da farin ƙyalle, ya juyo da ido ɗaya ya ce, "Malam Igiya, yaya mai ciki?" Na ce da sauƙi, na fita ban koma ba.

Wata huɗu ya yi. Ya fito yatsunsa sun ƙanƙance, kunne ɗaya ya toshe. Amma ba hannun ne ya kashe masa sana'a ba, don yana iya tsayawa a sama ya nuna wa wasu. Magana ce ta bi gari cewa aljanu sun yi masa alama. Ba mai kiransa, ba mai barinsa ya leƙa rijiyar gidansa, dagin nasa ma an rasa mai saye. Ya koma Kolokonde yana noman doya, ana ɗaura masa fartanya a wuyan hannu da tsumma. Ni kuwa bayan shekara biyu na tattara iyalina na dawo Paraku. Kafin in taso na rubuta abin da ya faru da ajami a takarda guda, na naɗe guntun zaren a ciki, na sa a ƙasan gafakata. Duk sha bakwai ga azumi in ciro in duba in mayar. Wani lokaci har in rarrashi kaina cewa wataƙila da aljanun ma a ciki.

Maganar Inna ce ta rufe mini wannan ƙofar. Kwana biyu na yi ina juya ta a raina. A na uku, bayan an sha ruwa, na ciro takardar na karanta musu ita da uwarta. Inna ta yi ta kallon ƙasa. Hajara ta ce, "Shekara talatin ina tsammanin aljanu kake tsoro. Yana da rai?"

"Na ji an ce yana nan."

"To, Malam, me kake jira? Mutuwarsa ko taka?"

Washegari na shiga motar Jugu, daga can na hau zem, wato babur ɗin haya, zuwa Kolokonde. Duk hanyar dajin nan ina fatan babur ɗin ya lalace. Na same shi a gindin ɗorawa a ƙofar gidansa, ya tsufa ya ƙanƙance, yana ɓare gyaɗa da gefen hannu. Na yi sallama. Ya karkato kunnen da ke ji, ya ƙura mini ido.

"Malam Igiya. Gemun ya sake tsirowa ashe."

Na durƙusa na ajiye zaren a gabansa, na faɗa masa komai, ban rage ba, har da cewa don kaina na kunna. Ya ɗauki zaren ya jujjuya shi.

"Idona biyu a lokacin. Jikina ne ya mutu, baki ya ƙi buɗuwa. Ina kwance ina kallonta tana saukowa kamar tauraro. Gwangwanin ma kusa da kunnen nan ya faɗo."

"Yaya, ka sani? Me ya hana ka faɗa?"

"Matarka tana da ciki, mutane kuma ga ƙishi ga azumi. Da na faɗa, da ba ka kwana a Jugu da ƙafafunka ba. Daga baya kuma na ce maganarka ce, ba tawa ba. Na zauna ina jira. Ban dai zaci za ka yi nawa haka ba."

Na ce ya yafe mini don Allah.

Ya ce, "Bayana na yafe tun ina asibiti. Ni ma na ga shuɗin nan da safe na yi dariya, ban san irin wannan iskar ba, ubana bai koya mini ita ba. Amma sunana ba a hannuna yake ba. Ɗana ya iya aikin nan fiye da ni, sai ya je har Basila kafin a ba shi rijiya, don a nan ana cewa jinin Bukari ne. Inda ka yi shiru, can za ka je ka yi magana."

Ranar Juma'a muka tafi Jugu tare. Bayan an sallame, na roƙi liman izini na miƙe a masallacin unguwarmu ta da. Yawancin waɗanda suka ga abin sun rasu, mahaucin ma da tsohon nan duk sun tafi, amma 'ya'yansu suna nan, kuma da labarin aka rene su. Na ce ni ne Alasan mai igiya, ni na zura fitila a kan mutum, kuma abin da ya kama iska ce da ruɓaɓɓen kashin dabbobi ke haifarwa, ba aljanu ba. Na ce na ɓoye shekara talatin don tsoro. Wani dattijo ya ce, "To shuɗin fa?" Yaya Bukari ya ɗaga murya daga inda yake zaune ya ce, "Ka je gidan ɗanka ka dubi murhun gas, ka ga ko aljanu ne ke dafa maka shayi." Aka yi dariya kaɗan, sannan mutane suka fara tasowa suna ba shi hannu, hannun nan da suka daɗe suna gudu.

A bakin tasha na tambaye shi ko na fita daga haƙƙinsa. Ya ce saura abu ɗaya. Na riga na ba shi labarin ramin Inna, sai ya ce in bari a gina, in iskar ta zo a aiko masa.

Aka gina bayan Salla. Makonnin da ramin ya yi yana ruɓa, ban bi ta bayan turke ba ko sau ɗaya. In na ji yana gurgura kamar cikin mai yunwa sai in tashi in fita waje. Inna ta nuna mini yadda ake shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo don a ga ko iska tana fita, ta fasa wa madafar taga biyu, ta ce kullum a buɗe suke kwana. Duk da haka na matsar da buzuna zuwa zaure.

Yaya Bukari ya iso ranar da aka yi ruwan farko na sosai. Tun safe ake zubawa, indararo yana ambaliya, tsakar gida ta cika da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Muka shiga madafa mu huɗu. Hajara ta ajiye tukunyar koko a gefe, Inna ta miƙo wa uwarta ashana. Yaya Bukari ya tare.

"A'a, 'yata. Ba shi."

Na karɓa. Tsinke na farko ya karye, na biyu ya faɗi a ƙasa. Hajara ta ce, "Malam, kwalin guda ne gare mu." Sai na ji hannun Yaya Bukari ya kama wuyan hannuna, fatar tana da santsi da tauri kamar ta tsohuwar salka. Na yi bisimilla na ƙyasta na uku. Inna ta murɗa makunni, na ji siririn hucin nan da na sani, na rufe ido na miƙa hannu.

Da na buɗe, ga ta nan, shuɗiya, ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, ta yi zobe tana ci shiru. Yaya Bukari ya sunkuya ya daɗe yana kallonta, har ya miƙa tafinsa ya ji ɗuminta.

"Ashe ke ce," in ji shi.

Sannan ya saki hannuna. Ya ciro guntun zaren daga aljihunsa ya sa a wutar, muka tsaya har ya cinye.

"Ka fita, Malam Igiya. Hajara, ɗora kokon nan, tun Kolokonde ban karya ba."